Kwanon da ba ya ƙarewa: abin da ya rushe da abin da ya tsira a binciken halayyar cin abinci

Tebur ne na mutum huɗu, kowa da kwanon miyar tumatir a gabansa. Kwanuka biyu na yau da kullum ne. Sauran biyun an huda gindinsu, an zura siririn tiyo ya bi ta ƙarƙashin tebur zuwa wata tukunya da aka ɓoye, ta yadda duk cokalin da mutum ya ɗiba, miya za ta sake taruwa a hankali ba tare da ya lura ba. An bar su suna sha na minti 20. Mutum 54 ne suka shiga gwajin, kuma sakamakon da aka wallafa a 2005 ya ce masu kwanon tiyo sun sha kashi 73 cikin 100 fiye da sauran, amma da aka tambaye su ba su ce sun fi ƙoshi ba, ba su kuma yi zaton sun sha da yawa ba. Ma'anar da aka fitar: ido ne ke gaya wa mutum ya ƙoshi, ba ciki ba. Mu mukan ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima. Wannan gwajin cewa ya yi ana iya yaudarar idon.

Wanda ya jagoranci aikin shi ne Brian Wansink, farfesan da ya shugabanci ɗakin binciken abinci da tallar kaya a Jami'ar Cornell da ke Ithaca, jihar New York a Amurka. Shekara goma sha da suka biyo baya, da yawa daga cikin shawarwarin da jaridu ke bayarwa kan rage ƙiba suna da hannunsa a ciki: ci a ƙaramin faranti, kada ka je kasuwa da yunwa, ɓoye biskit a kabad, ajiye 'ya'yan itace a fili. Daga 2007 zuwa 2009 ya shugabanci sashen ma'aikatar noma ta Amurka mai tsara shawarwarin abinci ga 'yan ƙasa. Dubban makarantu sun sake fasalin wurin cin abincin yara bisa dabarunsa.

Shi da kansa ya buɗe ƙofar faɗuwarsa. A Nuwamba 2016 ya yi rubutu a shafinsa yana yabon wata ɗalibar digiri na uku da ta zo daga Turkiyya ta yi aiki a ɗakinsa ba albashi. Ya ce ya ba ta alƙaluman wani gwaji da bai yi nasara ba. An yi gwajin a wani gidan abinci na Italiyawa inda mutum ke biya sau ɗaya ya ci iya cikinsa: wasu an karɓi dala 8 a hannunsu, wasu dala 4. Abin da aka fara nema bai fito ba. Ita kuwa ta yi ta juya alƙaluman har sai da maƙala huɗu suka fito daga cikinsu, ɗaya tana cewa maza sun fi cin fiza da kashi 93 cikin 100 idan suna tare da mata. Ya rubuta wannan a matsayin darasin ƙwazo ga matasa. Masu karatu da suka san ƙididdiga suka ga wani abu daban. Daga baya, a Fabrairu 2018, 'yar jarida Stephanie Lee ta BuzzFeed News ta fitar da saƙonnin imel na ɗakin, inda aka ga ya umurci ɗalibar ta rarraba masu cin abincin: maza daban, mata daban, masu cin rana, masu cin dare, mai zama shi kaɗai, masu zama biyu, masu zama cikin taro, na kusa da teburin abinci, na nesa da shi, masu shan lemo, masu shan giya, ta duba ko wani abu zai fito.

Nan ne ainihin cutar take, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, domin mafi yawan masu aikata ta ba su san laifi ba ce.

A al'adar bincike, idan aka kwatanta rukuni biyu ana fitar da wata lamba da ake kira p. Idan ta gaza 0.05 sai a ce an sami bambanci mai ma'ana. Abin da wannan iyakar ke nufi shi ne: ko da babu wani bambanci na gaskiya tsakanin rukunan, sau ɗaya cikin 20 dace kawai zai ba ka lambar da ta gaza 0.05. Idan tambaya ɗaya ka yi, kuma ka yanke ta tun kafin ka ga alƙaluma, wannan haɗari ne da za a iya jurewa. Amma idan ka yi tambaya 10 masu zaman kansu, yiwuwar aƙalla ɗaya ta fito ta hanyar dace ta kai kashi 40 cikin 100. Idan 20 ne, ta kai 64. Lissafin ba wuya: ka ninka 0.95 a kansa sau 20, za ka sami kusan 0.36, ka cire shi daga 1. Wato mai yanka alƙaluman fiza gida ashirin ya fi kusa da samun "sakamako" fiye da rashinsa, ko da farashi ba ya taɓa cikin kowa. Sai ya rubuta maƙala kan wanda ya fito, ya yi shiru da sha taran da ba su fito ba, ya kuma tsara gabatarwa kamar dama abin da ya fita nema ke nan. Kamar maharbi ne da ya saki kibiya ta sauka inda ta ga dama, sannan ya je ya zana da'ira kewaye da ita.

Joseph Simmons, Leif Nelson da Uri Simonsohn sun nuna girman matsalar tun 2011. Sun lissafa cewa haɗa 'yan dabaru huɗu da kowa ke ɗauka ba komai ba ne (auna abu biyu ka zaɓi wanda ya fito, ƙara mutane idan ka ga p ta kusa, sa jinsi cikin lissafi ko cire shi, jefar da rukuni ɗaya daga cikin uku) na ɗaga yiwuwar sakamakon bogi daga kashi 5 zuwa kusan 61. Don su nuna abin a aikace, sun bi waɗannan hanyoyin suka "tabbatar" cewa sauraron wata waƙa na rage wa mutum shekara ɗaya da rabi na haihuwa. Ba wanda ya ƙirƙiri lamba ko ɗaya a wannan aikin. Zaɓe kawai aka yi.

Yadda aka kama kurakuran

Mutum uku ne suka zauna da maƙalun fiza: Tim van der Zee, Jordan Anaya da Nick Brown. Ba su da asalin alƙaluman, domin an hana su. Da abin da aka buga kawai suka yi aiki, kuma a farkon 2017 suka fitar da kusan kurakurai 150 a maƙala huɗu. Adadin mutane na canzawa daga wannan jadawali zuwa wancan, alhali gwaji ɗaya ne. Wasu matsakaitan lambobin kuma ba za su taɓa yiwuwa ba.

Wannan na biyun dabara ce da Brown da James Heathers suka fitar a 2016 suka sa mata suna GRIM, kuma duk mai kalkuleta a wayarsa zai iya yin ta. Idan an tambayi mutane su ba da maki da cikakkiyar lamba, misali daga 1 zuwa 9, to jimillar makin dole ta zama cikakkiyar lamba. Matsakaici kuwa jimilla ce a raba da yawan mutane. Saboda haka ba kowane matsakaici ne zai iya fitowa ba. A ce jadawali ya nuna mutum 15 sun ɗanɗana zoɓo, matsakaicin makin ɗanɗano 7.42. Ninka 7.42 da 15, ka sami 111.3. Jimilla ba za ta zama 111.3 ba, ko dai 111 ko 112. Raba 111 da 15, ka sami 7.40. Raba 112 da 15, ka sami 7.47. Babu hanyar da 7.42 za ta fito daga mutum 15. Ko dai mutanen ba 15 ba ne, ko an yi kuskuren kwafa, ko wani bai amsa ba kuma ba a faɗa ba, ko lambar daga ka aka rubuta ta. Da mutum 10, lamba ta biyu bayan ɗigo dole ta zama sifili. Da mutum 20, ko sifili ko 5.

Iyakokinta biyu ne. Tana aiki ne idan mutanen ba su kai 100 ba kuma an rubuta lamba biyu bayan ɗigo, domin daga 100 zuwa sama kowane matsakaici na iya fitowa. Ba ta kuma aiki ga abin da aka auna da sikeli, kamar giram 212.6 na shinkafa. Sannan ba ta tabbatar da maguɗi, tana dai nuna akwai inda aka yi tuntuɓe. Da Brown da Heathers suka gwada ta a kan maƙalu 71 na manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, kusan rabi suna da aƙalla lamba ɗaya da ba za ta yiwu ba.

Wani aikin ɗakin na Cornell ya fi ban takaici. A 2012 sun wallafa cewa idan aka manna wa tuffa sitikar Elmo, wani ɗan tsana na shirin talabijin ɗin yara, yara 'yan shekara 8 zuwa 11 sun fi zaɓar ta a kan biskit. Daga baya ta bayyana cewa yaran da aka gwada 'yan shekara 3 zuwa 5 ne. Duk wanda ya yi renon yara ya san ɗan shekara 4 da ɗan shekara 10 ba abu ɗaya ke burge su ba, kuma makarantun firamare aka sayar wa shawarar. An janye maƙalar, aka gyara, aka sake janye ta. A Satumba 2018 rukunin mujallun JAMA na ƙungiyar likitocin Amurka ya janye maƙalunsa shida a rana ɗaya, dalili kuwa shi ne jami'ar ta ce ba ta da asalin alƙaluman da za ta tabbatar da sahihancinsu. Kashegari Cornell ta sanar cewa kwamitinta ya same shi da saɓa ƙa'idar bincike: ba da rahoton alƙaluma ba daidai ba, amfani da hanyoyin ƙididdiga masu matsala, rashin adana bayanan bincike, da sa sunayen marubuta ba bisa ƙa'ida ba. Ya bar aiki a Yuni 2019. Shi dai ya amsa cewa an yi kurakurai amma ya musanta yin maguɗi da gangan. Maƙalunsa da aka janye sun kai aƙalla 18.

Abin da ya tsira

Da yawa sun ɗauka tunda mutumin ya faɗi, duk abin da ya faɗa ya faɗi tare da shi. Ba haka ilimi ke tafiya ba. Kowace magana sai an sake gwada ta ita kaɗai.

Kwanon tiyo ya tsira, abin da ya ba mutane da dama mamaki, domin Heathers ya riga ya nuna shakku kan lambobin maƙalar ta 2005. Ɗakin binciken Janet Tomiyama a Jami'ar California da ke Los Angeles ya sake gina teburin, ya rubuta tsarin gwajin da hanyar lissafi a bainar jama'a kafin a fara, ya kawo mutum 464 maimakon 54. Masu kwanon da ke cika kansa sun sha fiye da sauran da kashi 32 cikin 100. Abin gaskiya ne, amma girmansa bai kai rabin abin da aka fara faɗa ba. Wannan salon ya zama ruwan dare: ƙaramin gwaji na farko kan kumbura sakamako, domin a cikin ƙananan gwaje-gwaje wanda dace ya ɗaga ne kaɗai ke tsallake 0.05 har a buga shi.

Ƙaramin faranti bai yi sa'a haka ba. Masu bincike a Jami'ar Cambridge sun gwada shi a 2019 da manya 134, su ma sun yi rajistar tsarinsu tun farko. Rabi sun zuba wa kansu abinci a faranti mai faɗin santimita 29, rabi a mai 23. Bambancin ya tsaya wajen kalori 19, wanda bai wuce abin da dace zai iya kawowa ba. 

Abin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne yawan abincin da aka zuba, ba girman mazubin ba. Barbara Rolls ta Jami'ar Jihar Pennsylvania ta nuna shi a 2002 da manya 51. Kowa ya zo cin rana sau huɗu, ana ba shi makaroni da cuku giram 500, 625, 750 ko 1,000. Da aka ba su mafi yawa sun ci kashi 30 cikin 100 fiye da ranar mafi ƙanƙanta, kuma ƙoshin da suka ce sun ji bai bambanta ba. Ana iya cewa to ai gobe za su rage. A 2007 ta ƙara wa duk abincin mutum 23 kashi 50 cikin 100 na kwana 11 a jere. Sun riƙa cin ƙarin kalori 423 a kowace rana, kuma har kwanakin suka ƙare jiki bai rama ta hanyar rage ci ba. Wani nazari na 2014 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya kiyasta cewa ninka abinci biyu na ƙara ci da kusan kashi 35 cikin 100. A lura da bambancin tsari: a wurin Rolls mutum ɗaya ake gwadawa da kansa a ranaku daban-daban, ana auna abincin da sikeli kafin da bayan ci, tambaya ɗaya ce, kuma ɗakuna da dama sun maimaita.

Gwajin da ya fi jan hankali a shekarun nan shi ne na Kevin Hall a cibiyar binciken lafiya ta Amurka da ke Bethesda, wanda aka wallafa a 2019. Mutum 20 kacal, amma an kwantar da su a asibitin cibiyar kwana 28, babu abin da ya shiga bakinsu ba a auna ba. Mako biyu suna cin abincin masana'anta da aka sarrafa sosai, mako biyu suna cin wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, an yi ƙuri'a kan wanda kowa zai fara da shi. An daidaita abin da ake ajiye musu ta fuskar kalori, sukari, mai, gishiri da harza, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun ci ƙarin kusan kalori 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan giram 900. A ɗaya ɓangaren sun rage kusan haka. Ba su ce na masana'antar ya fi daɗi ba. Abin da aka gani shi ne sun fi saurin cinye shi, kuma idan aka cire abin sha, kowane giram nasa ya fi ɗaukar kalori. A ganina wannan ya fi dukan dabarun faranti muhimmanci, ko da yake mako biyu ba shekara ba ne, mutum 20 kuma ba gari ba ne. Ƙarancin mutane bai kashe shi ba saboda bambancin babba ne kuma kowa da kansa aka kwatanta shi.

Ga ɗalibin da zai yi irin wannan gwaji

Maganar ta shafi jami'o'inmu kai tsaye, domin matsin da ya tura ɗakin Cornell shi ne dai wanda malami ke ji a ko'ina: ƙarin girma da yawan maƙalu ake samunsa, ɗalibi kuma na tsoron zuwa gaban masu jarrabawa da kundin da ya ce "ba a sami bambanci ba". Wannan tsoron ba shi da tushe. Kundin da ya gwada da kyau bai sami komai ba ya fi wanda ya matse alƙaluma daraja.

A ce kana so ka gwada ko yawan shinkafar da aka zuba na canza yawan ci. Abu na farko, kafin ka sayi ko mudu ɗaya, rubuta shafi guda: tambayarka, abu ɗaya da za ka auna (giram nawa aka ci), mutum nawa za ka tsaya a kai, wa za ka cire da dalili (mai azumi, marar lafiya, wanda ya gane manufar gwajin), da lissafin da za ka yi. Sa kwanan wata, malaminka ya sa hannu, ko ka ɗora a OSF ko AsPredicted, shafukan intanet da ake rajistar tsarin bincike, duka kyauta ne. Duk abin da ka gano daga baya wanda ba ya cikin shafin nan, ka rubuta shi a kundi da sunan abin lura da ke buƙatar sabon gwaji.

Yawan mutane shi ne inda aka fi faɗuwa. Idan rukuni biyu ne na mutane daban-daban kuma kana sa ran bambanci matsakaici, wato rabin yadda mutane ke bambanta da juna a ci, kana buƙatar mutum 64 a kowane rukuni don samun damar kashi 80 cikin 100 ta gano shi. Idan bambancin ƙarami ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na yadda mutane ke bambanta da juna, sai kusan 394 a kowane rukuni. Wanda ba shi da kuɗin ciyar da mutum 128 ya bi hanyar Rolls: mutanen nan dai su dawo sau biyu, mako guda tsakani, rabi su fara da babban kaso, rabi da ƙarami. Rabon a yi shi da ƙuri'a ko lambobin kwamfuta, ba da ido ba. In ka bar wa kanka zaɓi, hannunka zai kai babban kwano gaban ƙaton saurayi ba tare da ka yi niyya ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu lalata aiki. Sikeli mai auna giram ɗaya-ɗaya, a auna kwano da abinci kafin, a auna saura bayan, a rubuta nan take a takarda mai lambar mutum. Miya da nama a auna su daban, in ba haka ba wanda ya tsince nama ya bar shinkafa zai rikita lissafi. Ƙaramin kason ma ya zama ya fi ƙarfin cikin yawancin mutane, domin idan rabin mutanenka sun sharce kwano, yunwarsu ba ka auna ba, iyakar abin da ka ba su ka auna. Lokaci ɗaya kowace rana, kuma a roƙe su kada su ci komai awa uku kafin. Kowa ya ci shi kaɗai, saboda mutane kan daidaita cinsu da na maƙwabci. Kada a faɗa musu ana auna cinsu sai an gama, a ce ra'ayinsu kan ɗanɗano ake nema, tare da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, sannan a yi musu bayani a ƙarshe. Takardun asali kuma a ɗauki hotonsu a ajiye wuri biyu. Rashin su ne ya kashe maƙalu shida a rana ɗaya.

Gwajin ɗanɗano, wanda kusan kowane kundin kimiyyar abinci ke da babi a kansa, yana da nasa ramukan. Ma'aunin maki 9 da ake amfani da shi, daga "na ƙi shi matuƙa" zuwa "ina son shi matuƙa", David Peryam da abokan aikinsa ne suka tsara shi don abincin sojojin Amurka a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kuma an yi shi ne don masu ci na gari su faɗi ra'ayinsu, da yawansu. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa tana neman aƙalla mutum 60. Abokan aji 10 ko 15 ba su isa ba, musamman idan mai burodin na tsaye a kansu yana murmushi. Kara ba za ta bar ɗan ajinku ya ba ka 3 ba. Shi ya sa ake ganin jadawali inda komai ya faɗa tsakanin 7 da 8. Wani daban ya raba samfur, kowane kofi da lamba uku da aka zaɓa barkatai kamar 417 ko 862, ba A, B, C ba, domin A kan ci maki don sunanta kawai. A juya jerin yadda kowane samfur zai zo farko sau daidai da sauran, saboda na farko kan sami fifiko. Zafi ɗaya, yawa ɗaya, kofi iri ɗaya, ruwan kurkure baki tsakani. Samfur biyar ko shida sun isa zama guda, idan akwai yaji ko citta ma a rage.

Lissafin ma akwai tarko. Samfur biyar na ba da kwatance 10 idan an haɗa su biyu-biyu. A ninka da siffofi biyar, launi, ƙamshi, ɗanɗano, laushi da karɓuwa gaba ɗaya, an sami 50. Ko da gari ɗaya aka kwaɓa duka, biyu ko uku za su fito da "bambanci". Maganinsa a zaɓi karɓuwa gaba ɗaya a matsayin babbar tambaya tun farko, a yi amfani da gyaran Tukey, wata hanyar lissafi mai tsaurara ma'auni idan kwatance sun yi yawa, wajen kwatancen, a kuma sa mai ɗanɗano a cikin lissafin a matsayin tubali, wato a kwatanta makin kowa da nasa na kansa, tunda mutum ɗaya ne ya ba duk samfuran maki kuma wani hannunsa a sake yake, wani a matse.

Idan tambayar ita ce ko mutane za su gane an sa garin rogo kashi 10 cikin 100 a burodi, ko an rage sukarin kunu, ma'aunin maki 9 ba shi ne kayan aikin ba. Gwajin uku ake yi: kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce mutum ya nuna baren, dole ya zaɓa ko da cinta zai yi. Jeri shida ne ke yiwuwa, don haka yawan mutane ya zama 18, 24, 30 ko 36 don kowane jeri ya zo daidai. Mai cinta zai dace sau ɗaya cikin uku, saboda haka a cikin 24, mutum 8 za su samu ko da ruwa ɗaya ne a kofunan. Sai 13 sun samu kafin a ce akwai bambanci. A cikin 18 ana neman 10, a cikin 30 ana neman 15, a cikin 36 ana neman 18. Idan launin samfuran ya bambanta, a yi amfani da kofi mai duhu da murfi ko jar fitila, in ba haka ba ido ne ya amsa, ba harshe ba. Kuma rashin kai wa 13 ba ya nufin samfuran iri ɗaya ne. Tabbatar da kamanni na buƙatar mutane da yawa fiye da haka, sau da yawa 60 zuwa sama.

Akwai wani giɓi da ya kamata ɗalibanmu su lura da shi. Kusan duk gwaje-gwajen da aka ambata a sama an yi su ne kan mutum ɗaya da farantinsa, galibi a Amurka ko Birtaniya, cikin mutanen da abinci bai yanke musu ba. A gidajenmu da dama kwano ɗaya ake sa wa hannu, yara huɗu ko biyar a kan tire, babba ya tsame hannu don ƙanana su samu, baƙo ya bar saura don kunya, malmalar tuwo kuma ita ce ma'auni ba cokali ba. Abin da ke tsayar da hannu a nan ya haɗa da wanda ke zaune kusa da kai da abin da za a ce. Mai son auna wannan ba zai iya auna saura a raba da yawan masu ci ba, domin hakan na ɓoye ainihin abin da ake nema, wato wa ya ci nawa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a auna tiren a matsayin abu ɗaya, a kwatanta rukunin mutane guda a ranar malmala shida da ranar malmala tara, a kuma tuna cewa a lissafi tire 12 mai mutum biyar-biyar samfur 12 ne, ba 60 ba.